Ranar da Rijiyar Babana Ta Yi Yaji

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma da ɓacin rai na kwanta kafin in yi shi, don haka bari in fara da ɓacin ran.

Ni ne Ubale tela. A ƙofar gidanmu akwai rijiyar da mahaifina ya haƙa da hannunsa, rabin unguwa ita suke sha. Tana da murfin ƙarfe da kwaɗo, makullin kuma yana wurina, ni ke buɗewa da asuba in rufe bayan isha'i. Bazarar bana ruwan ya ja baya, har guga ya fara dawowa da laka da wari. Ranar Litinin duba-gari ya zo ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce in ba a yashe ta ba zuwa Asabar zai sa a kawo tifa a cike ta da ƙasa. Rijiyar babana, wai da ƙasa!

To, akwai ƙungiyar matasan unguwa. 'Yata Zuwaira ke jan 'yan matan, Nafi'u ɗan maƙwabcina ke jan samarin. Sau uku suna zuwa zaure su zube suna roƙon in ba su makulli. Wai za su sauka su yashe ta, su gyara bakinta, su ja 'yar kwata ta kai ruwan da ke zubewa gindin itatuwan da suka dasa. Wai kuma in daina wanke babur ɗina. Gaskiya ne shekara goma sha ɗaya rabon babur ɗin nan da ya tashi, amma kullum da safe sai an wanke shi da bokiti shida, kuma Zuwairar ce ke ɗebowa. Ai mutum ba ya barin abinsa cikin datti don kawai ba ya tafiya. Da suka zo na ukun jiya na ce, "Kai Nafi'u, ni na ɗinka maka rigar kaciya. Ke kuma Zuwaira, har yau ni ke sayo miki takalmi. Ku tashi ku ba ni wuri." Suka tashi. Na tura makulli ƙarƙashin matashi na kwanta ina tsaki.

Sai ga ni a ƙofar gida da rana tsaka, babu rijiya.

Ba wai ta ƙafe ba. Babu ita ne gaba ɗaya. Wurin ya shafe sumul kamar an daɓe, murfin yana kwance a ƙasa, kwaɗon a kulle yadda na bar shi. Na ɗaga murfin na leƙa ƙarƙashinsa, wata tururuwa ta ce in saki, ana hutawa.

"Ta yi yaji," in ji wata murya a bayana.

Na juya, babur ɗina ne. Ya yi ƙiba, ya yi kumatu, tayoyinsa sun kumbura saboda ruwan da ya sha. Ban yi mamakin maganarsa ba, na dai ji haushin da bai gaishe ni ba.

"Wa ya yi yaji?"

"Rijiya mana. Tun da sassafe ta naɗe raminta ta ɗora a ka ta tafi gidan iyayenta. Ta ce kada wanda ya biyo ta."

"Kana kallo ka bar ta ta tafi?"

"Da wace ƙafa zan bi ta, Malam? Shekara goma sha ɗaya wanka kawai nake yi."

A lokacin na lura ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi. Yana fita daga randuna da butoci da kwatoci, ɗigo ɗigo, yana haurawa sama. Mai shayin bakin titi ya kife tafin hannunsa a kan kofi yana roƙon shayin ya yi haƙuri ya zauna. Mata sun danne bakin tulu da duwatsun girki. Masu wucewa kowa ya juya lemarsa ƙasa yana tare ƙafafunsa. Babur ya ce duk ruwan garin dangin rijiya ne, tunda aka ɓata mata rai kowa ya ɗauki kayansa. Na shafa goshina na ji ko zufata ta bi su.

Sai ga ni cikin wani ofis. A jikin ƙofar an rubuta: Ofishin Yaji da Biko, Sashen Rijiyoyi da Tafkuna. Ma'aikatan duk awaki ne, kowa da teburinsa da fankarsa. Wani bunsuru ya nuna mini layi da gemu. A gabana wani masunci ne riƙe da kwalekwale a hammata, ya ce koginsu ya fita tun bara wai zai je gaisuwa, har yau shiru.

Da layi ya zo kaina na tarar da wata jar akuya da tabarau. Ta ba ni takarda na cike, ta karɓa ta duba, ta cinye ta tas har da sa hannuna.

"An shigar da ƙorafinka," in ji ta. Sai ta sauke tabarau ta ƙura mini ido. "Malam Ubale, ba ka gane ni ba ko?"

"Ina zan san ki?"

"Shekara goma sha huɗu da suka wuce, wata akuya ta faɗa rijiyarku ranar kasuwa."

Wallahi sai na gane ta. Ni na sauka na fito da ita, a ranar gwiwata ta hagu ta bugu da dutse, kuma saboda ita aka sa murfi da kwaɗo. Na gyara tsayuwa ina jiran godiya.

"Ta wutsiya ka jawo ni," in ji ta. "Duba nan. Tun ranar ba ta sake kwanciya ba."

Na ce ta yi haƙuri, duhu ne a ciki. Ta ce ta yafe, amma aiki aiki ne. Ta ce biko ba ya yiwuwa sai da dattawa, wanda aka yi wa yaji ba ya zuwa shi kaɗai ya tsaya gaban iyaye, wannan ko a garinmu haka ne. Ta ce in je in nemo dattawa biyu su shige mini gaba, kuma in hanzarta, don mutanen wani gari sun riga sun isa can da goro suna neman a ba su rijiyar. In la'asar ta yi ba a sasanta ba, da su za ta tafi.

"Wane dattijo kuma zan nema?" na ce. "Ni ne dattijon. Shekarata sittin da ɗaya."

"Waɗanda ka cinye ke nan. Mu nan ba ma lissafi da cinyayyu. Waɗanda suka rage maka ka sha ruwa a cikinsu, su nawa ne?"

"Subhanallahi! Wannan ai sai Allah."

"Haka ne, mu ma ba mu sani ba. Kintace muke yi da gwiwa."

Ta zagayo ta ƙwanƙwasa gwiwata da kofato, ta kara kunne ta saurara. Ta kira bunsurun nan shi ma ya saurara. Suka dubi juna cikin tausayi.

"Yaro ne ƙarami," in ji bunsuru.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ni da furfurata za a kira yaro a gaban mutane? Akuya ta ce a ƙasar nan wanda ya fi kowa sauran ƙishirwa a gabansa shi ne babba a maganar ruwa, kuma kada in ɗaga murya a ofis, akwai manya a waje.

Manyan suna gindin wani ɗan dashen darbejiya da bai kai gwiwata ba, amma inuwarsa ta rufe fili guda. An shimfiɗa musu buzu. Zuwaira ce zaune a kai da mafici, Nafi'u a gefenta yana jan carbi. Mutane masu gemu fari fat suna wucewa suna tuɓe takalmi suna kwasar gaisuwa.

Na tsaya ƙiƙam. Wani tsoho ya ja mini riga ya ce, "Kai yaron nan ba ka da kunya? Tsuguna mana!"

Na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara har tsuntsaye suka tashi.

"Baba ne?" in ji Zuwaira. "Sannu, yaron kirki. Ya ɗinki?"

"Da godiya," na ce, haƙorana a haɗe.

"Baba Ubale," in ji Nafi'u, yana magana a hankali irin ta masu sasanci, "me ka yi wa baiwar Allahn nan ta tafi?"

"Ni ban yi mata komai ba. Kullum ina kulle ta."

Suka kaɗa kai. Zuwaira ta ce to, ba a taru an zama ɗaya ba, yara sai haƙuri, za su je su ba da baki. Amma ta ce a taho da babur, don iyayen rijiya za su nemi shaida. Na ce ai ba ya tashi. Nafi'u ya ce ba komai, a nan dama mai babur ne ke goya babur.

Haka na goya shi. Muka kife wata babbar lema muka zauna a ciki, ruwan da ke tashi ya ɗaga mu. Muka wuce saman masallaci, muka wuce shirwa biyu suna gardamar hanya. Babur ya riƙe ni gam yana cewa in rage gudu. Da na leƙa ƙasa na hango unguwarmu, mata sun yi layi da jarkoki a wurin da rijiya take da, ba wanda ya gaya musu ta tafi, ko kuma an gaya musu ba su da wani wurin zuwa. Na hango matata a cikinsu, ta goma sha ɗaya a layi.

Gidan iyayen rijiya zaure ne babba na gajimare, in ka jingina sai rigarka ta jiƙe. A ƙofa baƙin nan masu neman rijiyar ne zaune da ƙwaryar goro. Na ƙare musu kallo, ba tsoho ko ɗaya a cikinsu, samari ne da 'yan mata, kowa da sabuwar igiya a kafaɗa. Suka gaida Zuwaira da Nafi'u da girmamawa, ni kuma ɗaya ya shafa mini kai ya ba ni alewa.

Mahaifin rijiyar Malam Hadari ne, baƙi, ƙato, in ya yi gyaran murya sai zauren ya girgiza. Ya miƙe ya tarbi dattawana, ya ba su wuri. Ni aka ce in zauna bakin ƙofa kusa da takalma.

Rijiyar tana can lungu, ta juya mana baya, ta lulluɓa da mayafi. Rami ne dai zaune a kan tabarma. In ta yi magana ƙarshen maganar sai ya dawo sau biyu.

"Ranki ya daɗe," in ji Hadari ga Zuwaira, "ba don ke ba da ko zauren nan ba zai shigo ba. Yarinyar nan mun ba su ita garau, ana ganin tauraro a cikinta. Ku dubi yadda ta dawo mana."

Ya buga bayanta a hankali, ta yi tari. Takalmin roba ya faɗo, sai guga huɗu, sai ledoji fal kwando, sai cokali, sai rediyo yana kan ba da labarai na shekarar da ya faɗa. Daga ƙarshe hular da na shekara tara ina zargin ƙanena da ɗaukewa.

"Ni ba ɗiba ce ta dame ni ba," in ji rijiya, ba ta juyo ba. "Don ɗiba aka kai ni. Amma shekara goma sha huɗu ba wanda ya sauko ya duba ni. Idanuna na ƙasa duk laka ta toshe, da ƙyar nake tsatso abin da nake bayarwa. Kuma abin da na tsatso da ƙyar a kwarara wa ƙarfe, ƙarfe."

"A kira ƙarfen," in ji Hadari.

Na sauke babur. Na yi masa ido, ya kau da fitila.

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "ni ban taɓa cewa ina jin ƙishirwa ba. Mai nake sha, shi ma rabona da shi na manta. Ruwan nan ma tsatsa yake sa mini a ciki, kunya ce ta hana ni faɗa."

Munafuki! Shekara goma sha ɗaya ina masa hidima, abin da zai saka mini da shi ke nan.

Sai Zuwaira ta ciro wata igiya mai ƙulle-ƙulle daga jakarta. Na san igiyar, kowace Juma'a takan zura ta a rijiya in na buɗe, ni a zatona wasa take yi. Ta shimfiɗa ta a gaban Hadari. Ta ce shekara uku da suka wuce ƙulli tara ke jiƙewa, bara biyar, Juma'ar da ta wuce ɗaya da rabi. Ta ce sun san inda ruwan ke tafiya da inda ya kamata ya tafi. Ta ce za a yashe ta duk bazara, za a ɗaure bakinta da siminti, abin da ya zube a ƙasa zai bi kwata zuwa gindin itatuwa, itatuwan kuma su riƙe mata ƙasa da sanyi. Ta yi maganar tiryan-tiryan, ba ta yi in'ina ba. Ina zaune cikin takalma ina tunanin yaushe yarinyar nan ta iya magana haka, ni kuwa ina ina.

"Wa zai sauka?" in ji Hadari.

"Ni," in ji Nafi'u. "Da wasu huɗu, bi da bi."

"Madalla. Ina makulli?"

Kowa ya juyo ya dube ni, har takalman.

Na miƙe na ce ba sai an ba kowa makulli ba. Rijiyar babana ce, in sauka ce ni zan sauka, yanzu ma kuwa. Na tuɓe riga na nufe ta. Taku biyu na yi, gwiwoyina suka ce su ba inda za su, suka zame suka koma kan tabarma suka zauna, ta hagun har da miƙe ƙafa. Na ja jiki haka nan na isa bakin ramin na zura kaina. Tumbina ya cika bakin dam, ba gaba ba baya. Baƙin nan na ƙofa suka yi ta ƙoƙarin danne dariya. Nafi'u da Zuwaira ne suka kama ni suka zaro ni, ta ƙafa, ba ta wutsiya ba.

A nan rijiya ta juyo. Ban san yadda zan kwatanta fuskar rami ba, amma ta dube ni, kuma kallon sani ne.

"Ubale," in ji ta, "ka san shekarun babanka ranar da ya fara sara ƙasa a kaina? Ashirin da biyu. Dattawan unguwa suna zaune a dakali suna ce masa mahaukaci, wai ba ruwa a wurin. Wata uku yana haƙa suna dariya. Ranar da na ɓullo su suka fara miƙo kwanonsu."

Ban taɓa tunanin babana da shekara ashirin da biyu ba, ni da gemu na san shi.

"Kai kuma ranar da ka fara saukowa cikina shekararka sha bakwai. Ina tune da ƙafafunka, sai rawa suke yi. Wa ya ɗaura maka igiya a ƙugu?"

"Baba."

"Gwiwarsa ta mutu ne a lokacin?"

"A'a. Da ƙarfinsa."

"Da ya ɗaura maka, gida ya shige ya kwanta?"

"A'a," na ce. "Yana sama. Shi ya riƙe igiyar."

Wallahi ina faɗin haka na ji muryarsa yadda take saukowa cikin ramin ranar nan, yana cewa taka a hankali, ina riƙe da kai. Sai abin da na shekara goma sha huɗu ina ɓoyewa ya fito da kansa. Na ce musu tsoro nake ji. Na ce na san ba zan iya sauka ba tun ranar akuya, kuma kunya ta hana ni cewa wani ya sauka. Na ce ɗinki ya ja baya, ido ya ja baya, yara sun koma wurin masu sabon yayi. Abin da ya rage ake tsayawa a ƙofata da asuba a ce Malam Ubale ina kwana, makullin nan ne. In na bayar, wa zai sake tsayawa?

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Hawayen suka tashi sama yadda ruwan ƙasar yake yi, suka yi 'yar kewaya a zauren, biyu daga ciki suka faɗa cikin rijiya.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta, "amma rabon da ka zuba mini wani abu ban da hula an daɗe, daɗe."

Hadari ya leƙa waje ya dubi rana, wadda ke zaune a ƙofar gidanta tana tsince shinkafa. Ya ce la'asar ta kusa. Baƙin nan suka fara miƙewa suna kakkaɓe riguna, ɗaya ya matso da ƙwaryar goro. Rijiya ta jawo mayafinta ta fara naɗe bakin raminta.

"Baba," in ji Zuwaira. Wannan karon ba muryar dattijuwa ba ce, muryarta ce ta gida. Ta miƙo hannu.

Na zura hannu a aljihu na ciro almakashi. Na sake zurawa na ciro allin awo. Na ciro maɓallai, na ciro zare, na yi ta jan zaren yana fitowa ba iyaka, ja da kore da ruwan ƙasa, har ya taru a gabana. Na ce ku dakata, yana nan, wallahi yana nan! Rijiya ta ɗora raminta a ka. Babur ya ce in duba ƙarƙashin matashi. Na ce wane matashi a sararin sama, sakarai? Na duba, ga matashi kuwa a gefena, ga makulli a ƙarƙashinsa, ya yi saiwa ya kama tabarma. Na sa hannu biyu na ja har saiwar ta tsinke.

Na miƙa wa Zuwaira. Tsakanin hannuna da nata bai fi taƙi ɗaya ba, amma ina miƙawa zauren yana ƙara tsawo. Rijiya ta kai bakin ƙofa. Hadari ya buɗe baki zai yanke magana, maimakon tsawa sai na ji ƙiiƙ, ƙwal. Ya sake buɗewa, ƙiiƙ, ƙwal.

Mariƙin bokiti ne. Na buɗe ido, ga rufin ɗakina, ga gwiwoyina a inda suke, ta hagun tana ciwonta na kullum. A bakin ƙofa wani yana sauya wa bokiti hannu.

"Baba, an yi kiran sallah," in ji Zuwaira daga bayan labule. "Makullin. Mutane sun fara taruwa, kuma zan ɗebo na babur."

Na laluba ƙarƙashin matashi. Yana nan, ba saiwa. Na ɗaga labule, ga ta tsaye da bokiti biyu, idonta da sauran barci, ba ta ko dube ni ba saboda maganar jiya. Na sa mata makullin a tafin hannu, wannan karon hannun ya kai.

"Ajiye bokitan nan," na ce. "Munafukin can ya sha ya ƙoshi. In an idar da sallah ki aika wa Nafi'u, su zo da mutanensu da kwanduna."

Ta ɗago ta dube ni. Ta dubi makullin.

"In na buɗe in kawo maka nan, ko in ajiye a kan keken ɗinki?"

"Ki riƙe."

Ta damƙe makullin. Ta juya za ta tafi, na kira ta.

"Zuwaira. Ki gaya masa igiyar ni zan ɗaura masa, kuma ni zan riƙe."

"To, Baba," in ji ta.

Na ɗauki buta na fita. Ina alwala na ji ƙarar kwaɗo a ƙofar gida, na ji matan layi suna cewa, "Zuwaira ina kwana, ya Malam ya tashi?"